Kowane Babur Kukan Gidansu Yake Yi

A garejin da nake kai mashin ɗina, ƙarƙashin wata darbejiya a bakin titi, akwai wani benci da ba ya rabo da jama'a. Wasu gyara ne ya kawo su, wasu kuwa hira ce tsagwaronta. Ranar da na je canza sarƙa na tarar gardama ta kaure tsakanin wani dattijo mai Vespa da wani saurayi mai Boxer. Saurayin ne ya tsokano.

"Baba, wannan tsohuwar taka fa ta isa hutu. Ka bari mu kai ta Gidan Makama a ajiye."

Dattijon bai ko ɗago kai ba, yana ta goge madubi da hannun riga. "Yaro, da ita na je ɗaurin auren babanka. Bari naka ya kai rabin shekarunta tukuna, sai ka zo mu zauna."

Aka bushe da dariya. Bakaniken, hannu dumu-dumu da baƙin mai, ya matso kusa da ni ya ce, "Malam, ka ga mutanen nan biyu? Wallahi ko musanya ka yi musu har ka ɗora musu kuɗi a kai, kafin Juma'a kowa ya sayar ya koma wa nasa."

Gaskiya ya faɗa, kuma abin bai tsaya a bencinmu ba. A Amurka akwai ƙattin da ke zana tambarin Harley-Davidson a damtsensu, zanen da sai dai a binne mutum da shi. A Indiya mai Royal Enfield yana jin ƙarar wani daga nesa ya san nasu ne. Ba ka taɓa jin an yi faɗa a kan sunan kamfanin da ya ƙera fankar ɗaki ko injin markaɗen unguwa ba, amma ka kushe wa mutum babur ɗinsa ka ga yadda ido zai kaɗa. Amsar da ta fi saurin zuwa baki ita ce sabo turken wawa. Ni dai ba ta gamsar da ni ba, don yawancin masu kafewar nan da wayonsu. Akwai lissafi a ciki, akwai kuma abin da ya wuce lissafi, kuma in ka bi sawun kowanne za ka tarar sun haɗu a wuri guda: irin hawan da mutum yake yi, da waɗanda yake yin hawan tare da su.

Lissafin ne ya fi yawa a wajenmu, don haka da shi za a fara.

A shekarun 1970 babur kayan ƙawa ne na ma'aikaci. Da gwamnatin Gowon ta biya ƙarin albashin Udoji a farkon 1975, har da ariyas, malaman makaranta da akawuna da dama shagon babur suka fara nufa: Honda, Suzuki, Yamaha, ko kuwa Vespa, wadda bakinmu ya mayar Besfa. Kamfanin Piaggio na Italiya ne ya fito da ita a 1946, kuma an tsara ta ne don mai kwat da mai siket su hau ba tare da sun ɓata tufafi ba. Sai abin ya zo daidai da mai babbar riga. Babu tanki tsakanin cinyoyi, injin a rufe yake a gefe, mutum zai zura ƙafa ya zauna kamar a kujera, ya isa masallacin Juma'a ko wajen suna ba ɗigon mai a shaddarsa. Wannan zaman na mutunci shi ne abin da dattijon bencinmu yake karewa.

Sai zamanin SAP, shirin tsuke bakin aljihu na Babangida, ya zo a 1986, naira ta faɗi, mota ta gagari mai albashi, motocin haya suka yi ƙaranci. Babur ya tashi daga kayan ƙawa ya koma gona. Acaɓa a Kano, kabu-kabu a Sakkwato da Nijar, okada a Kudu. Tambayar da ake yi a shago ma ta canza, ta koma: wanne ne zai fitar da balas ɗin mai mashin ya kuma bar na cefane? 'Yan Japan sun yi tsada, sai 'yan Caina suka kwararo a ƙarshen shekarun 1990. Jincheng na birnin Nanjing, wanda ya yi haɗin gwiwa da Suzuki, ya cika tituna da samfurin AX100, har sunansa ya kusa zama sunan kowane mashin ɗan Caina. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999 'yan siyasa suka ƙara zuba su da sunan tallafi. Ana cikin haka Bajaj na birnin Pune a Indiya ya shigo da Boxer, ya kuma ci kasuwar, har Najeriya ta zama babbar kasuwar kamfanin a wajen Indiya.

Me ya ba shi wannan nasarar? Kaso mai tsoka na amsar yana cikin injin. AX100 mai bugu biyu ne: fistin ya hau ya sauka sau ɗaya, wuta ta tashi, kowane juyi da fashewarsa. Shi ya sa yake da zafin tashi, kana murɗa totur ya zabura kamar an tsikari doki. Sai dai yana ƙona baƙin mai tare da fetur, wani fetur ɗin ma ta salansa yake ficewa bai ƙone ba, ga shuɗin hayaƙin nan da duk wanda ya tsaya a danja a Kano wajajen 2005 ya shaƙa har ya gode Allah. Boxer kuwa mai bugu huɗu ne: ya shaƙi mai da iska, ya matse, ya ƙona, ya fitar da hayaƙi, kowane aiki da lokacinsa, wuta sau ɗaya a juyi biyu. Ba shi da waccan zaburar, amma lita ɗaya tana kai shi nesa. Ga dogon sirdi shimfiɗaɗɗe da ke ɗaukar mutum uku, ga kariya da za a ɗaure wa buhun masara ko akuya. Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, duk wanda yake da sauran shakka a kan muhimmancin shan mai ya daina.

Amma akwai wani sarki a wannan kasuwar da ba a cika ambata ba, shi ne bakanike. Ka ɗauka wayar kulocinka ta tsinke tsakanin ƙauyuka biyu da la'asar sakaliya. In irin mashin ɗin da kowa ke hawa ne, za ka tura zuwa ƙauye na gaba ka tarar da wayar rataye a shagon mai faci, ka kuma tarar da yaron da ya koyi aiki a kan wannan injin tun yana shekara goma, wanda zai kwance shi ya ɗaure ido a rufe. In kuwa baƙon iri ne, komai ingancinsa, sai ka kwana ko ka ɗora shi a mota. Yawan mashin yana jawo kayan gyara, kayan gyara suna jawo masu saye, haka abin yake ta juyawa har sabon kamfani ya rasa ƙofar shiga. In saurayi ya tara kuɗinsa, kafin ya je shago sai ya biya ta gareji ya ce, "Oga, wanne zan ɗauka?" Oga kuwa wanda ya iya zai faɗa masa.

Sannan a karkara babur asusu ne. Manomi ya saya da kaka bayan ya sayar da wake ko riɗi, in bazara ta matsa, ko taki ya taso, ko aurar da 'ya, sai ya kai shi kasuwa kamar yadda zai kai sa. Irin da za a taya kafin ka gama kafe shi, shi ne kuɗi a hannu. Mutumin da ya ƙi sayen wani iri don ya san zai sha wuyar sayarwa ai ba za a kira shi wawa ba.

Honda ya fahimci irin wannan mahayin tun da wuri. A farkon shekarun 1970 injiniyoyinsa suka zagaya ƙasashen kudu maso gabashin Asiya, suka ga yadda ake labta wa babur kaya, ba a canza baƙin mai sai inji ya yi ƙara. Ba su tsaya yi wa mutane wa'azin kula da inji ba, sai suka ƙera CG125 a 1975, mai sauƙin ciki da juriyar sakaci. Injin nan ne kamfanonin Sin da yawa suka kwaikwaya, kamar yadda ƙananan baburan da muke kira roba-roba jikokin Super Cub ne, wanda Honda ya fitar a 1958 kuma ya cika miliyan 100 a 2017. Duk da haka, duk da masana'antar da yake da ita a Ota ta jihar Ogun tun 1979, Honda ya ga 'yan acaɓa sun juya masa baya da tsada ta shigo, sai da ya fito da Ace CB125 mai rahusa a 2011 don ya sake neman su. Cikin kamar shekara ashirin titinmu ya tashi daga Japan ya koma Sin, ya tashi daga Sin ya koma Indiya. Ƙaunar aljihu tana da ƙarfi, amma da sharaɗinta. Ko da gwamnatin Kano ta hana goyo a babur a Janairun 2013, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, tsofaffin 'yan acaɓa da suka koma adaidaita sahu da gardamarsu suka tafi, ta koma tsakanin mai Bajaj da mai TVS, kuma hujjojin su ne dai: shan mai, kayan gyara, daraja a kasuwa.

Ɗaya nau'in kafewar, wanda ba ruwansa da aljihu, ba inda ya fito fili kamar a labarin Harley-Davidson.

An kafa kamfanin a 1903 a Milwaukee. A 1969 wani kamfani mai suna AMF ya saye shi, aka ƙara yawan ƙira, inganci ya yi ƙasa, har su kansu masu hawansa suna barkwanci da yoyon baƙin mai. A wannan shekarar ce kuma Honda ya fitar da CB750 mai silinda huɗu, da birkin faifai, ana tayar da shi da maɓalli, ga sauƙin kuɗi. In da lissafin ɗan acaɓa za a bi, da Harley ya mutu a nan. A 1981 manyan ma'aikatansa goma sha uku suka ci bashi suka fanshe shi. A 1983 Shugaba Reagan ya ɗora haraji mai nauyi na shekara biyar a kan manyan baburan Japan da girman injinsu ya haura cc 700, su kuma Japanawa suka riƙa rage injinansu su tsaya daf da layin. Harley ya gyara aikinsa, har a 1987 da kansa ya nemi a janye harajin tun wa'adi bai cika ba.

Amma dabarar da ta fi harajin tasiri wata ce daban, ita ma a 1983 aka yi ta: ƙungiyar masu Harley da ake kira HOG. Ka sayi sabon babur, an ba ka shekara guda kyauta a ƙungiya. Kowane dila yana da reshe, kowane reshe yana da ranar fita, da tambarin da ake ɗinkawa a rigar fata, da shugabanni, da tara kuɗin taimako. Membobinta sun taɓa haura miliyan ɗaya. Kamfanin ya gane ba zai kayar da Japan a gudu ko a farashi ba, sai ya sayar da zumunci, babur ɗin ya zama katin shiga. Duk wanda ya san yadda majalisar unguwa take, ko ƙungiyar 'yan ƙwallo, ya san abin da barinta ke nufi. Wanda ya sayar da Harley ya sayi Yamaha, abokan fitarsa ta ƙarshen mako ya sayar.

Ga kuma kukan. Injin Harley silinda biyu ne da suka buɗe kamar baki, kusurwa 45 a tsakaninsu, kuma a ƙugiya ɗaya suke juyawa. Saboda haka tashin wutarsu ba a daidai tazara yake ba: biyu kusa da juna, sai ɗan shiru, sai biyu kuma, kamar kiɗan da aka karya da gangan. A 1994 kamfanin ya nemi a yi masa rajistar wannan ƙarar a matsayin mallakinsa. Sauran kamfanoni suka tashi haiƙan suka ce injinsu ma haka yake yi, aka yi ta ja har Harley ya janye a 2000. Abin dariya ne a ce za a mallaki ƙara, amma sun san abin da suke yi. Yaro a gidanmu yana gane dawowar babansa tun daga kan kwana da kukan mashin, kafin ya ga fitila.

Irin wannan ƙaunar tana da nata haɗarin ga kamfani, don wanda ya ɗauke ka ɗan'uwa yana da haƙƙin yin fushi. A 2018, da Tarayyar Turai ta rama harajin Trump ta ɗaga na baburan Amurka daga kashi 6 zuwa 31 cikin ɗari, Harley ya ce zai mayar da ƙirar baburan kasuwar Turai waje. Wasu masoyansa suka ɗauki abin cin amana, Trump kansa ya goyi bayan a ƙaurace masa. Ɗan acaɓa bai taɓa tambayar a wane gari aka ɗaura mashin ɗinsa ba.

To, ina salon hawa ya shigo? Mu da muka gaji doki bai kamata wannan ya ba mu wuya ba. Mai kilisa da yamma da mai sukuwa ranar hawa duk a kan doki suke, amma abin da kowannensu yake nema a jikin dokin daban ne, kuma ba doki ɗaya za su zaɓa ba. Harley dokin kilisa ne: sirdi a ƙasa, ƙafafu a miƙe gaba, ƙirji a buɗe, inji mai ja tun daga ƙasa ba sai an ƙure shi ba. Dogayen titunan Amurka miƙaƙƙu ne suka haife shi. Kowane watan Agusta dubban ɗaruruwan irin waɗannan mahaya suna cika ɗan ƙaramin garin Sturgis a Dakota ta Kudu, taron da aka fara tun 1938, kuma wanda ya assasa shi dilan baburan Indian ne, wani kamfanin Amurka, babban kishiyar Harley a lokacin.

Mai sukuwa kuwa kwana yake nema. Ya kwanta a kan tanki, gwiwa ta manne, ido ya wuce kwanar yana kallon mafita. Akwai wani abu a nan da kowane mahayi yake yi, har da mai roba-roba, amma kaɗan ne suka lura. In kana gudu za ka sha kwanar dama, hannun dama kake ɗan turawa gaba, wato tayar gaba ta ɗan kalli hagu na ƙiftawar ido, sai babur ya kwanta dama ya bi kwanar. Jiki ya san wannan tun daga keke, kai ne bai sani ba. Daɗin yana cikin wannan kwanciyar, lokacin da nauyinka da na ƙarfen suka zama abu ɗaya. Masu wannan salon su ne suka fi kowa musun lambobi, Ducati ko Yamaha ko Kawasaki, amma su ma an taɓa gwada ƙaunarsu. Valentino Rossi, ɗan tseren babur na Italiya, ya ci kambun duniya sau uku a jere a kan Honda, daga 2001 zuwa 2003, ana ta cewa mashin ne ke yi masa aiki. Sai ya koma Yamaha, wanda rabonsa da babban kambu tun 1992, ya ci tseren farko a Welkom ta Afirka ta Kudu a 2004, ya kuma ɗauke kambun shekarar. Magoya bayansa masu rawayar riga da lamba 46 suka kwashe kayansu suka bi shi.

Salon da ya fi kusa da mu shi ne na rairayi. Wata shekara da rani na sauka daga mota a wani gari na arewacin Jigawa, sauran tafiyar sai a mashin. Wanda ya ɗauke ni, da muka bar kwalta, ya tsaya ya tsuguna, ya ɗauki tsinken ashana ya danna bakin taya, iska ta yi tsaki ta fita kaɗan, gaba da baya. Ya ce, "Malam, ka ja baya sosai. In ka ji yana rawa kar ka sauke ƙafa, kar kuma ka ƙanƙame ni." Muka shiga burji, burji ya ƙare, sai yashi zalla. Bayan mashin ya riƙa wutsil-wutsil kamar tarwaɗa a hannu, ni ina salati, shi yana ƙara wuta. Duk inda yashin ya yi zurfi sai ya ɗan ɗaga daga sirdi, ya saki kan ya nemi hanyarsa, bai taɓa birkin gaba ba ko sau ɗaya. Da muka fita kan tsandauri ya waigo yana dariya, ya ce, "Ai shi yashi in ka ji tsoronsa ya kayar da kai."

Abin da ya yi, ɗaya bayan ɗaya, shi ne abin da ake biyan kuɗi a koya a Turai: a rage iska don taya ta baje, a mayar da nauyi baya don gaba ta yi iyo a kan yashi, a riƙe wuta, a bar kan ya yi wasa. Kuma wannan salon gaba ɗayansa a ƙasarmu ya yi suna. Tseren Faris zuwa Dakar da Thierry Sabine ya ƙirƙiro ya tashi a ƙarshen Disambar 1978, ya ratsa Aljeriya, ya biyo ta Agadas da Yamai kafin ya shiga Mali. Cyril Neveu ne ya ci na farko a kan Yamaha XT500. A 1983 Yamaha ya fitar da babur ya raɗa masa Ténéré, sunan hamadar nan ta arewa maso gabashin Nijar, kuma har yau ana sayar da shi da wannan sunan. BMW ya gina sunan samfurinsa GS da nasarorin Hubert Auriol da Gaston Rahier a wannan yashin, Honda ya fito da Africa Twin, KTM na Ostiriya ya riƙe tseren daga 2001 har 2019. An soke na 2008 saboda barazanar tsaro a Muritaniya, tseren ya koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Sunan dai ya zauna. Akwai Bature a Jamus da yake kafe wa Ténéré kamar addini, bai taɓa taka yashi da shi ba, ga kuma mutumin Jigawa da yake yin ainihin hawan kullum da buhun gero a baya, a kan injin cc 100.

Akwai kuma namu salon na gida, wasan mashin a rakiyar ango ko kai amarya. A cire salansa, a ɗaga tayar gaba, wani ya miƙe tsaye a kan sirdi, wani ya kwantar da shi har ƙarfe ya riƙa feshin tartsatsi a kwalta. Ba zan yi ƙarya in ce babu gwaninta a ciki ba. Riƙe mashin a taya ɗaya aikin totur ne da birkin baya da ba kowa ke iyawa ba. Abin da ke ɓata shi wurin da ake yinsa: titin da tsohuwa ke tsallakawa, kai ba hula, ƙafa da silifa. Wanda ya taɓa zuwa dubiya asibitin ƙashi na Dala ya ga inda da yawa daga cikin wasannin nan suke ƙarewa. Mu ne fa da hukumar kiyaye haɗurra ta tilasta hular kwano a ranar 1 ga Janairun 2009, wasunmu suka kifa ƙwarya a ka suka ɗaure da igiya. Inda aka mayar da irin wannan wasan sana'a, fili ake killacewa, a sa kayan kariya, 'yan kallo su biya.

Wani abin da zai sanyaya gwiwar masu alfahari da suna: ƙarfen da yawa daga tukunya ɗaya yake fitowa. Bajaj, mai Boxer, ya sayi hannun jari a KTM tun 2007, kuma a masana'antarsa ta Chakan kusa da Pune ake ƙera ƙananan KTM Duke, har da Triumph Speed 400 da ya fito a 2023. TVS na Indiya ne ya ƙera wa BMW samfurin G 310 a Hosur, ya kuma saye Norton na Birtaniya a 2020. Shi kansa Harley, bayan ya rufe masana'antarsa ta Indiya a 2020, Hero ne ke ƙera masa X440, Hero ɗin da ke sayar wa 'yan kabu-kabu Hunter. Saurayin da ya ci ado da rigar fata a Abuja yana yi wa ɗan acaɓa kallon raini a danja, mai yiwuwa ne baburansu 'yan uba ne. Wannan bai rage wa kowa daɗin hawansa ba, kuma ban ga wanda ya sayar da nasa don ya ji labarin ba.

Abin da zai gwada duka nau'o'in kafewar nan biyu shi ne babur mai lantarki. Harley ya fitar da LiveWire a 2019, mai gudu, mai tsada, marar kuka, tsofaffin masoya suka yi masa kallon baƙo, har a 2021 kamfanin ya ware shi ya ba shi sunansa daban. A nan Afirka ta Yamma kuwa kamfanoni irin su Spiro, wanda ya fara daga Benin da Togo, 'yan haya suka nufa: ba ka jiran caji, kana zuwa tasha ka ajiye batirin da ya ƙare ka ɗauki cikakke. Batirin wani kamfani ba ya shiga mashin ɗin wani, don haka turken ya tashi daga gareji ya koma tashar batir, kuma wannan karon kamfanin ne ke riƙe da igiyar.

Na taɓo wa bakanikena maganar ranar, yana ɗaure min sarƙa. Ya ajiye sifana ya dube ni. "Malam, abin da ba filogi, ba kafireta, ba baƙin mai, ni me zan ci a jikinsa?"

Kafin in ba shi amsa dattijon ya miƙe zai tafi. Ya kama Vespar ya kishingiɗar da ita gefe kamar mai tsiyayar da tulu, ya ɗan jira, ya miƙar da ita, ya buga kik. Shiru. Ya sake bugawa. Shiru. Saurayin mai Boxer ya tashi daga benci yana murmushi, ya naɗe hannun riga.

"Hau, Baba, sa ta a giya biyu."

Ya tura shi har bakin kwalta, ta yi tari sau biyu ta kama, shuɗin hayaƙi ya turnuƙe bencin. Dattijon ya gyara zaman babbar rigarsa, ya ɗaga hannu ɗaya bai waigo ba.